Alhaji, Ka Je Ka Faɗa wa Baffan Nafisa Gaskiya

Zuwa ga Alhaji Manaja,
Shugaban kamfanin tafiye-tafiyen da ya shirya mini zuwa Doha,
Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatanka. Ni ce Rukayya, matar da ta riƙa zuwa ofishinka bara bayan Babbar Sallah da yarinya a hannu, wadda kake tsokana da "amaryar Ƙatar". Yanzu ina zaune a unguwar Madinat Khalifa a birnin Doha tare da maigidana. Yarinyar kuwa, Nafisa, tana Kano wurin mahaifiyata, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami.

Ban ambaci sunanka ko na kamfaninka ba, domin ba tozarta ka nake nufi ba. Na biyo ta jarida ne saboda maigidana ya kira ka har ya gaji, yayana ma ya yi ta sintiri a ofishinka, kullum sai a ce ka fita. Ga maganar daki-daki.

1. Mijina na farko, mahaifin Nafisa, ya rasu tana goye. Da Allah ya kawo Malam Sabi'u, wanda ke shugabantar direbobi a wani kamfani a nan Doha, abu ɗaya na roƙa kafin a ɗaura aure: kada a raba ni da 'yata. Ya amince ba tare da an ja ba. Ya bar ɗakin da yake haɗaka da abokan aikinsa a unguwar Najma, ya kama mana muhalli, tunda ba a ba mutum izinin kawo iyali sai ya nuna yana da wurin ajiye su. Bai taɓa kawo kowa ƙasar nan ba, don haka bai san kan abin ba. Shi ya sa muka zo gare ka, kai da kowa ke cewa ka tsufa a wannan sana'a.

2. Kafin a shigar da takardun neman biza, Malam ya kira ka daga Doha ina zaune a gabanka. Ya gaya maka cewa mandub ɗin kamfaninsu, wato mai bi musu takardu a ofisoshin hukuma, yana tambaya ko da yarinyar za a nema, domin idan da ita ne akwai ƙarin takardu. Ka karɓi fasfona, irin tsohon nan da ake manna hoton yaro a shafin uwarsa, ka buɗe ka duba. Ban manta abin da ka ce ba:

"Malam, kada ka wahalar da kanka. Yarinya tana cikin fasfon uwarta, inda uwa ta shiga nan za ta shiga. Kullum muna tura irinsu."

A kan wannan magana aka nemi biza da sunana ni kaɗai. Ofishinka ne ya yanka mana tikiti biyu, nawa da na Nafisa. Ranar da na zo karɓa na sake tambayar magatakardanka, Malam Tasi'u, me zan tarar idan na sauka, sai ya ce in bi layi kawai, za a buga mini hatimi in wuce.

3. Mun tashi daga Kano zuwa Legas, daga can muka kamo hanyar Doha, muka sauka da safe. Mota ta kwaso mu daga gindin jirgi zuwa cikin ginin. Nafisa, wadda ba ta daɗe da cika shekara shida ba, tana ta murna, tana tambayata ko Abba yana bayan waccan ƙofar. Tun daga ɗaurin aure haka take kiran Malam Sabi'u.

Da layi ya zo kanmu, jami'in ya karɓi fasfona da takardar biza, ya dube ni, ya dubi na'urarsa, har ya ɗauki hatimi. Sai ya hango kan yarinya a gefen teburinsa. Ya leƙo ya ganta sosai, ya ajiye hatimin. Ya yi mini tambaya da Larabci, ya maimaita da Turanci. Larabcina na karatun allo da Islamiyya ne, Turancina kuma bai wuce na gaisuwa ba, amma na gane yana neman takardar yarinyar. Na buɗe masa shafin da hotonta yake, kamar yadda ka nuna mini. Ya girgiza kai, ya kira wata jami'a mai baƙar abaya, ta ce mu biyo ta.

Ina so ka sani, Alhaji, babu wanda ya daka mini tsawa, babu wanda ya taɓa mu. An kai mu wani ɗaki mai kujeru a jere, aka ba Nafisa ruwa da biskit. Amma na daɗe a zaune ban san laifina ba, ban san ko kama ni aka yi ba, ga sanyin na'ura yana ratsa yarinya, ga wayata da layin gida wanda ba ya aiki a nan. Daga baya aka nemo wani mai gadi da ke aiki a filin jirgin, dattijo mutumin Zangon Kumasi mai suna Baba Seidu, don ya yi mana tafinta. Jin Hausa a bakinsa kawai ya sa na samu na ja numfashi.

Ta bakinsa jami'ar ta yi mini bayani a tsanake. Bizata lafiya lau take, ina iya shiga a lokacin. Yarinyar ce ba ta da izinin shiga, kuma hoto a fasfo ba biza ba ne. Tunda kuma ba 'yar cikin mai ɗaukar nauyina ba ce, wato mijina, ba abu ne da za a gyara a filin jirgi ba: sai an kawo shaidar rasuwar mahaifinta da rubutacciyar yardar danginsa, an fassara su zuwa Larabci, hukumomi sun tabbatar. Ta ce zaɓi biyu ne a gabana, ko in shiga a mayar da yarinya a hannun ma'aikatan jirgi, ko mu koma tare.

Na ce wa Baba Seidu, "Ka gaya mata tare muka zo, tare za mu koma."

Matar ta ce idan haka ne ba za su buga komai a fasfona ba, don bizar ta ci gaba da aiki har wa'adinta ya cika. Wannan alheri ne da ban roƙa ba, kuma har yau ina yi mata addu'a.

4. Duk wannan lokaci Malam yana waje wurin masu tarbar baƙi, yana ganin fasinjojin jirginmu suna fita ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare. Baba Seidu ne ya fita ya nemo shi ya gaya masa halin da ake ciki. Malam ya kira mandub, mandub ya kira kafil ɗinsu, Balaraben da kamfanin ke ƙarƙashinsa, shi ma ya buga waya inda zai iya bugawa. Amsa ɗaya ce, doka ce kuma babu mai tsallake ta. Maigidana ya kira ka a ranar, ka ɗauka, ka ce wataƙila sabon tsari ne, za ka bincika ka kira shi. Kiran da bai zo ba ke nan har yau.

Ba a bar shi ya shigo ba, mu ma ba a bar mu mun fita ba. Dattijon ya ara mini wayarsa muka yi magana, tsakaninmu bango ɗaya. Malam ya aiko mana da shinkafa da kaza da wata 'yar rigar sanyi da ya sayo wa Nafisa. Da na ba ta wayar, ta tambaye shi me ya sa ba zai buɗe ƙofar ba. Ban ji amsar da ya ba ta ba, na dai ga ta gyaɗa kai ta miƙo mini. Washegari aka sa mu a jirgin komawa. Ni da mijina ba mu ga juna ba.

5. Da a nan abin ya tsaya, da na bar wa Allah, ban rubuta komai ba. Amma da muka dawo Kano na tarar labari ya riga ni isowa, kuma ba yadda ya faru ba. Alhaji Ɗanlami, yayan marigayi, wanda shi ne baffan Nafisa kuma waliyyinta, ya je ofishinka neman ba'asi da ya ji an dawo da mu. Malam Tasi'u ya gaya masa cewa ku kun yi aikinku daidai, matsalar daga can take, mai yiwuwa takardun mijin ne ba na gaskiya ba, shi ya sa aka tsare mu. Alhaji Ɗanlami da bakinsa ya maimaita mini wannan a zauren gidansa, a gaban mahaifiyata.

Mutumin kirki ne, tun rasuwar ƙaninsa bai taɓa gazawa da yarinyar nan ba, kuma tun farko shi ya sa mana albarka a tafiyar. Amma ranar ya ce ba zai sa hannu a takardar da za ta mayar da marainiyar ƙaninsa inda aka kulle ta a ɗaki ba, wurin mutumin da ba a tabbatar da gaskiyarsa ba. Na nuna masa bizata, na rantse masa, maigidana ya kira shi ya yi masa bayani. Ya saurara da ladabi, ya ce ni mace ce mai kare mijinta, shi kuma miji yana kare kansa, amma masu kamfani ba su da dalilin yi masa ƙarya. Ban ga laifinsa ba. Da ni ce a matsayinsa, da abin da zan yi ke nan.

6. Na zauna a Kano ina lallashi har wa'adin bizata ya kusa cika. Mahaifiyata ta zaunar da ni ta ce in tafi ɗakina, aure ba ya zama a waya, ita za ta riƙe Nafisa. Na tafi. A karo na biyu ban daɗe a gaban jami'in ba aka buga hatimi aka ce in wuce. An yi mini gwajin jini da hoton ƙirji, an ɗauki zanen yatsuna, iƙamata ta fito, wato katin izinin zama. Wannan kaɗai ya isa ya nuna takardun Malam ba su da aibi, domin da su aka yi komai. Shaidar rasuwar mahaifin Nafisa ma tana hannunmu, an fassara, an tabbatar. Sa hannun mutum ɗaya ya rage.

Nafisa ta shiga aji ɗaya. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna kiranta. Da farko takan tambayi yaushe za a zo ɗaukarta. Yanzu ta daina tambaya, sai ta ba ni labarin makaranta ta miƙa wa kakarta waya. Wannan ya fi tambayar yi mini ciwo.

Saboda haka, Alhaji, ga abin da nake roƙo, kuma babu maganar mayar da kuɗi a ciki.

Na farko, wanda shi ne ya fi komai: ka taka da ƙafarka ka je wurin Alhaji Ɗanlami, ka gaya masa cewa kai ne ka ce kada a nema wa yarinya biza, ka yi haka bisa kuskure, kuma mijina bai yi ƙaryar komai ba. Kada ka aiki Malam Tasi'u, kada ka buga waya. Daga ofishinka maganar ta fito, daga bakinka kawai zai yarda ta gyaru. Kuskure ba abin kunya ba ne ga mai sana'a, kowa yana yi. Abin da ba zan iya shiru a kansa ba shi ne a rufe shi da mutuncin wani.

Na biyu, ka daina gaya wa mata cewa hoton yaro a fasfo ya wadatar. Idan ba ka da tabbacin dokar wata ƙasa, ka ce ba ka sani ba, a tambayi waɗanda ke can. Duk matar da za ta bi mijinta, a zaunar da ita a gaya mata da Hausa abin da za ta tarar: me za a tambaye ta, wace takarda za ta riƙe a hannu, lambar wa za ta bayar idan an tsayar da ita. Yawancinmu ba mu taɓa hawa jirgi ba sai ranar.

'Yan'uwana mata da ke shirin irin wannan tafiya kuma, musamman masu 'ya'ya daga auren farko, kada ku bar gida sai kun ga sunan kowane yaro a bizarsa da idonku.

Alhaji, ban riƙe ka da mugun nufi ba. Na ga yadda kake karɓar mutane, na san kana so a ce da kai mai gaskiya, kuma kai ma uba ne. Shagon Alhaji Ɗanlami yana Kantin Kwari, yayana zai raka ka duk ranar da ka shirya. Zama ɗaya ne tsakaninku, yarinya ta dawo wurin uwarta.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi wa kasuwancinka albarka, ya raya maka zuri'arka a gabanka, ya ba ka ikon faɗin gaskiya a inda take da nauyi.

Wassalamu alaikum, daga mai jiran jin ka je.

Rukayya, mahaifiyar Nafisa,
Madinat Khalifa, Doha.