Maƙwabtan Gona Sun Karɓa Mini Amshi

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya zaman Ikko? Mu nan Balan lafiya lau.

Ranar Juma'a na rera waƙata ta damina gaban jama'a a Gaya. Da na buɗe takardar, ajamin ya riƙa yawo kamar tururuwa, muryata ta maƙale. Sai amshi ya taso daga baya a hankali, kamar a mafarki. Ashe maƙwabtan gonarmu ne, sun haddace shi tun ina rerawa ni kaɗai wajen noma. Tsoho Idi ya ce, "Ja baitinka, Sani, muna nan!" Na lumshe ido, na ga dawarmu tana kaɗawa, na ja.

Muryarka kaɗai na rasa cikinsu. A sa ni a addu'a, a gai da yara.

Ƙaninka,
Sani