Hotuna Goma Sha Bakwai da Kwamfutar da Ta Cika

Baba mai filin nan, don Allah a taimake ni da amsa: mutum mai hankali zai ajiye hoton kujera ɗaya sau goma sha bakwai?

Mu uku ne a ɗakin saman shagon kawuna, muna yi wa 'yan kasuwa shafukan intanet. Ba wanda ya koya min aikin nan, da waya da kwanan zaune da yunwa na iya. Ni na kawo git, manhajar da ke riƙe tarihin duk abin da muka taɓa a aiki. Amma abokin aikina, wanda muke kira Dattijo, bai yarda da ita ba. Kullum sai ya kwafi foldar hotuna sukutum, ya sa mata sabon suna, ya tura cikin git ɗin. Yanzu kwamfutar da ke ajiye aikinmu ta cika maƙil, ko wasali ba ta karɓa. Na goge kwafe-kwafensa tas, ko gezau. Ni kuwa sau ɗaya tak na tura bidiyon bikin ƙanwata bisa kuskure, kuma nan take na goge abina.

Kawu ya ce in ban gyara kafin Alhamis ba, Dattijo zai karɓi ragamar. Ni! Ina shirin share tarihin gaba ɗaya kowa ya huta. Ku faɗa a jarida, kowa ya karanta: laifin wa?

Mai Ƙonannen Rai

Ɗana, a fili ka nema, to ga shi a fili.

Ɗabi'ar Dattijo tana ɓata tsari, wannan ka yi gaskiya. Amma git ba ta ajiye abu iri ɗaya sau biyu. Hotunan nan sha bakwai, in ba a taɓa su ba, wurin guda ɗaya suka ci a tarihinta. Kuma abin da aka goge ba ya barin tarihi. Ina kyautata zaton amarya da 'yan rakiyarta na nan zaune a kwamfutarku.

Kada ka share komai da fushi. Fara da kwafe aikin duka a wani wuri. Ka lissafo manyan fayilolin da ke tarihin, ka cire bidiyon kaɗai, amma sai ka sanar da abokan aikinka biyu, domin dole kowa ya sauko da sabon kwafi. Manyan hotuna kuma a ba su ma'ajiyarsu daban.

Dattijo tsoron ɓacewar aiki yake yi. Zauna kusa da shi, ka goge fayil, ka dawo da shi a gabansa. Sannan ka je ka gaya wa kawunka zancen bidiyon da bakinka, kafin ya sayi jaridar nan.

Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya ba amarya zaman lafiya.