Rufin da Na Yi wa Aikin Jikata

Malam mai filin nan, ka taimake ni, murna ce ta ja ni na yi ɓarna.

Shekarata talatin ina kula da injuna a masana'antar robobi. Karatu kuwa sai da furfura ta fito na yi shi a ajin yamma, ka yi haƙuri da rubutuna. Bana jikata, amaryata ta wasa, ta zama injiniya, aka ɗauke ta a wurinmu. Har mai gadi ya gaji da jin labarinta a bakina!

Ita ta sa aka cire manyan fankoki huɗu masu sanyaya man injin, masu shan wuta kamar me. Ta kafa bututai masu fukafukan ƙarfe a bayan gini. Man da ya yi zafi ya bi ta cikinsu, iskar da ta ɗumama ta tashi sama da kanta, mai sanyi ta shigo ta ƙasa. Ba ƙara, ba lantarki. Mako guda allurar awon zafi ba ta wuce layi ba.

Da ta tafi horo, na ga rana na dukan kayan, raina bai so ba. Ni ban saba barin inji a buɗe ba. Na samo kwano na yi musu rufi, taƙi ɗaya a samansu. Sai allura ta fara hawa. Yanzu manaja ya ce aikin yarinya ya gaza, ranar Litinin za a mayar da fankoki. Jiya na sa hannu ƙarƙashin kwanon, na ji zafi ya taru ba mafita, na gane ni ne. Aikinta lafiyarsa ƙalau, wannan na tabbata. In cire rufin a ɓoye, in ja bakina?

Kakan Injiniya

Baba, ina taya ka murna, kuma rubutunka ya fita sarai.

Na fahimci kunyar da kake gudu: shekara talatin ba a kama ka da kuskure ba. Amma in ka cire a ɓoye, zafi zai sauka ba wanda ya san dalili, shakka ta zauna a kan sunanta.

Ka kira ta yau, ta ji daga bakinka. Gobe ka kai manaja bayan ginin, ka ce kai ka yi rufin, ka cire shi a gabansa, ku tsaya ku ga allurar ta sauko. Damuwarka da rana ba wauta ba ce. Tambaye ta ko rumfa mai tsayi, buɗaɗɗiya ta kowane gefe, za ta yi.

Za ta tsokane ka har shekara ta zagayo, ka shirya. Allah Ya ƙara mata basira, kai kuma Ya ba ka tsawon rai ka ga ƙarin girmanta.