Na Sauya wa Matata Ƙarshen Littafi

Assalamu alaikum Hajiya Mairo. Ina roƙon ki taimake ni da shawara, domin na daɗe ina juya maganar nan kafin na iya rubuta ta.

Matata ma'aikaciya ce a nan garin Lafiya, kuma ma'abociyar karatu. Bara hawan jinin ido ya rage mata gani har ta daina iya bin rubutu, don haka ni nake karanta mata bayan la'asar. Ƙungiyarsu ta mata masu karatu ta zaɓi wani littafin soyayya da aka gina kan tatsuniyoyin Girkawa: wata masaƙiya a tsibiri wadda allahiyar teku ta ƙwace wa gani, masoyinta kuma ya shiga jirgi neman magani. Ni da na karanci kimiyyar ƙasa ban ɗauki irin wannan da muhimmanci ba. Ita kuwa har hannuna take riƙewa ta ce in maimaita.

Da na leƙa babin ƙarshe sai na ga masoyin ya dawo babu magani, ya zauna da ita a haka. Na kasa karantawa. Na riƙa juya shafi ina ƙirƙira, na ce ya samo maganin, idanunta sun buɗe.

Washegari matata ta tura wa ƙungiyar saƙon murya tana yabon yadda masaƙiyar ta warke. Ƙawarta Wandoo ta gyara mata a hankali, wasu suka yi dariya. Ina zaune ta amsa musu cewa mijinta ne ya karanta mata, kuma bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ranar Asabar za su haɗu, ta ce in zo da littafin in karanta musu shafin. Ni ne idonta yanzu, Hajiya. In ta daina yarda da muryata, me ya rage mata?

Mai damuwa, Lafiya.

Wa'alaikumus salam, Malam. Tausayi ne ya sa ka, ban musa ba. Amma ido ne ya samu matarka, hankalinta lafiya lau, kuma ka yanke mata hukuncin abin da za ta iya ɗauka ba tare da ka tambaye ta ba. Yau littafi ne, gobe takardar likita ce. Dole ta san abin da ka karanta shi ne a rubuce.

Kada ka bari Asabar ta zo. Ku keɓe, ka faɗa mata kai tsaye, ka ba ta haƙuri, kada ka yi dogon bayani. In ta yi fushi, haƙƙinta ne. Maganar ƙawayenta kuma ka bar mata ta zaɓi yadda za ta gyara.

Sannan ka karanta mata babin gaskiya. Abin da ka ɓoye mata labarin mutum ne da ya rasa magani amma bai tafi ba. Ina ganin shi ta fi bukatar ji, kuma daga bakinka.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya ƙara muku fahimtar juna.