Zanen Salma Ya Zaunar da Baffanninmu

Sabon Gari, Gusau.

Zuwa ga ƙanena Lukuman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hafsatu da yara da duk maƙwabtanku na Kumasi. Allah Ya sanya albarka a kasuwa, Ya tsare ku a baƙunta. Mu nan lafiya lau. Inna na nan garau, kullum sai ta yi zancenka. Malam Rabi'u ya gyara motarsa, ya koma jigilar hatsi tsakanin Bilbis da Gusau. Sumayya kuma ta sauka lafiya, an sami namiji, an sa masa Khalid.

Na zaɓi in rubuta maka ne don maganar ba ta waya ba ce. Ranar da ka kira ranka a ɓace kana cewa 'yarka Salma ta kunyata ka a idon dangi, a karɓe kwamfutarta, na ce maka to, amma ban karɓe ba. Ka yi haƙuri ka ji dalili.

Ka san tun da ta gama makaranta take zaune a wurina tana fim ɗin zane, wanda yara ke kira katun. Da farko ban ɗauke shi da muhimmanci ba, sai da ta zaunar da ni na kalla. Wata duniya ta ƙirƙiro, inda garuruwa ke bisa manyan kukoki, mutane na hawan zalɓe kamar yadda muke hawan babur. Labarin ya fara ne bayan an gama yaƙi da wasu Mutanen Hayaƙi. Manyan gidaje biyu ne suka rage. Gidan Zalɓe sun tashi da tambarin sarauta lokacin yaƙin, Gidan Kunkuru kuma suka ɓuya cikin saiwoyin kuka ba su tafi ko'ina ba. Da lafiya ta samu sai rigima ta tashi kan wanda zai zauna gaba a majalisa, wanda ya tafi da tambari ko wanda ya tsare gari.

Ina kallo gabana ya faɗi, domin labarinmu ne sak. Tun da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyenmu na wajen Magami, Baffa Idris, mai riƙe da sarautar Magaji, ya kwashe jama'a zuwa Bungudu. Baffa Bala kuwa ya daɗe bai fita ba, da tsufa ya kai shi Tsafe ma sai ɗansa Muktar ya ci gaba da zama a ƙauyen. Yanzu da wajen ya lafa mutane na son komawa gonakinsu, amma gidajen nan biyu ko gaisuwar mutuwa ba sa yi wa juna. Na tambayi Salma ko da gayya ta yi, ta rantse mini ba ta nufi kowa ba, abin da ta tashi tana ji a tsakar gida ne ya fito a hannunta.

Masifar ta zo ne da wani ya yanko ɗan guntu ya saka a guruf ɗin dangi na waya. A guntun, tsohon Gidan Zalɓe ya shigo majalisa da yagaggiyar alkyabba yana dogara sanda, ya yi gyaran murya yana jiran a miƙe masa, ba wanda ya motsa, ga rawaninsa ya maƙale a reshe yana warwarewa. Ka san sandar Baffa Idris, ka san gyaran muryarsa. Mutanen Tsafe suka yi ta dariya suna turawa gaba. Baffa Idris ya aiko cewa jikar gidansa ta mai da shi abin wasan yara, kada ƙafar kowa daga ɗakin mahaifinmu ta sake taka zaurensa, maganar komawa ƙauye tare da su Bala kuma ta mutu. Inna ta daina cin abinci. Salma ta kulle kanta a ɗaki har ta rame.

Ranar Asabar na sa ta ɗauki kwamfutar muka shiga motar Bungudu. Mun daɗe tsaye a ƙofar gida kafin a ce mu shigo. Na durƙusa na ce masa ban zo kare ta ba, na kawo ta ne ya hukunta ta, amma ina roƙonsa ya kalli abin daga farko, tun da guntu kawai aka nuna masa. Sai Salma ta kunna.

Lukuman, da ma kana wurin. Akwai inda aka nuna tafiyar tsohon nan. Zalɓensa ya gaji ya kasa tashi, sai ya sauka ya ɗora mata masu ciki da jarirai, shi kuma ya bi su a ƙasa, tambari a kansa, ruwa har ƙirji. Da aka tsallake ya bi yaran yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, sai ya tarar ɗaya babu. Nan Baffa ya ɗaga hannu aka tsayar. Hawaye na bin gemunsa. Ya tambayi Salma wa ya gaya mata zancen ɗan Asabe da ya ɓace a hanya lokacin gudunsu zuwa Bungudu, ta ce ai kowa ya sani, faɗa ne ba a yi. Ya sa aka mayar masa wurin ya sake kallo. Sa'an nan ya tambaye ta wa aka ba gaban majalisa a ƙarshe. Ta ce ba ta zana ƙarshen ba, don ita ma ba ta sani ba. Sai ya ce in aika wa Bala ya same shi a gidana, tun da Gusau ce tsakiya, kada wani ya ce shi ya bi wani.

Suka zo ranar Laraba bayan azahar, Baffa Bala da Muktar daga Tsafe, Baffa Idris da ɗansa Yazid daga Bungudu. Ko hannu ba su yi ba. Aka kunna. Baffa Bala ya shigo da murmushin wanda ya zo kallon abokin gaba, amma murmushin bai daɗe ba. Akwai inda Gidan Kunkuru ke fito da hatsi suna miƙa wa Mutanen Hayaƙi don a bar su da rai. Ya miƙe tsaye yana faɗa, wai yarinya ta ce su suka ciyar da azzalumai, wai dama abin da mutanen Bungudu ke faɗa ke nan a bayan idonsu. Na ce a raina shi ke nan, na tara su na ƙara ɓata lamari.

Sai Baffa Idris ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce Bala ya zauna, wanda bai tsaya a garin ba ba shi da bakin zagin wanda ya tsaya, shi ma har da shi. Ya ce da ba don hatsin nan ba, da yau ko bango ba za a koma a tarar ba. Ya juya ya ce wa Muktar Allah Ya yi masa albarka. Muktar ya sunkuyar da kai yana kuka kamar ƙaramin yaro, ashe shekarun nan duka wannan zargin ne ke cinsa. Baffa Bala ya koma ya zauna, can ya ce a ba shi ruwa.

Daga nan suka shiga gardama kan yadda ya kamata fim ɗin ya ƙare, wannan ya ce Zalɓe kaza, wancan ya ce Kunkuru kaza, ba wanda ya ambaci sunan ƙauyenmu, amma duk mun san abin da ake tattaunawa. Ina tsaye bakin ƙofa da kwanon tuwo na kasa shiga. Kafin la'asar sakaliya sun tsaya a kan cewa rawani na nan kan Baffa Idris iyakar ransa, Muktar zai zama wakilinsa mai zama a gari, kuma tare za su je gaban hakimi su faɗa da baki ɗaya. Za a fara komawa kafin ruwan shuka.

Ba zan ce maka komai ya gyaru ba. Yazid ya fita bai yi wa kowa sallama ba, don yana ganin an miƙa wa Muktar abin da yake jira. Hanyar ƙauyen ma har yanzu sai da addu'a. Amma tsofaffin nan biyu sun ci tuwo a kwano ɗaya a zaurena, na gani da idona. Da zai tafi, Baffa Idris ya kira Salma ya ce ya yafe mata, sai dai naɗin rawanin tsohon nan ba daidai ba ne, ta zo Bungudu ya nuna mata yadda ake yi kafin ta ƙara kunyata shi. Ta je kuwa, ta dawo da buhun gyaɗa.

Saura kai. Yarinyar nan ta fi tsoron fushinka a kan na baffanni duka. Duk lokacin da wayarta ta yi ƙara sai ta zabura ta duba. Ka kira ta, kuma don Allah kada ka fara da faɗa.

Ka gaishe mini da Hafsatu, ka ce na gode da atamfar. Ka shafa mini kan Umar da Abdulaziz. Malam Rabi'u da Sumayya da angon ƙarni suna gaishe ka. Inna kuma ta ce in gaya maka, ranar da za a koma ba gona take son gani ba, ba kuma tsohon ɗakinta ba, kabarin Baba take so a fara kai ta, kuma kai take so ka riƙe mata hannu. Ka fara shiri.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Lami