Baitina Ba Zai Kwanta Ba

Litinin, 13 ga Janairu
Yaya Tokiko ta yanke hukunci: idan ƙarshen Maris ya zo, kantin littattafan da mahaifinmu ya bar mana bai farfaɗo ba, za ta ba masu injin wanki hayar wurin. "Shunzo, mutanen Kanazawa sun fi buƙatar safa mai tsabta a kan baitocinka." Ta ce in buɗe shafi a intanet in riƙa tallata littattafan. Zan buɗe, ba don umarninta ba, sai don a san inda gaskiya take.

Asabar, 1 ga Fabrairu
Shafin nan yana kwantar da rubutu daga hagu zuwa dama, tamkar takardar shan magani. Shekara talatin ina zubo waƙa daga sama zuwa ƙasa, yadda ruwa ke sauka daga indararo, yadda magabata suka yi. Baitina ba zai kwanta ba. Na rubuta kirarin kowane littafi da alƙalamin gashi, a tsaye, na ɗauki hotonsa na ɗora.

Alhamis, 20 ga Fabrairu
Baƙi huɗu a shafin. Yaya ta ce uku ita ce. "Mai neman sunan littafi ba zai taɓa faɗowa kan hoto ba, sarkin taurin kai." To, na huɗun dai a tsaye ya karanta.

Lahadi, 9 ga Maris
Malama Kuramochi, wadda ta koya mini riƙe alƙalami a firamare, ta shigo da sandarta. Shekara takwas rabonta da kantin, tun da idanunta suka dushe.
"Har yanzu kana yi wa takarda kwalliya kamar ranar biki?" Haka ta gaishe ni.
Ashe Yaya ce ta ba ta labarin shafin. Wayarta kan karanta mata duk rubutun da aka buga. Ta ɗaga ta, ta latsa, sai muryar ta ce: "Hoto. Hoto. Hoto."
"Wata guda ke nan abin da kake faɗa mini," in ji ta.
Na shiga yi mata bayani a kan martabar rubutun tsaye, har na kawo misalin indararo. Ta bari na ƙare.
"Da kunne nake karatu yanzu, ɗana. Ta ina zan san a tsaye yake?"
Shayin da na zuba mata ya huce a hannuna.

Litinin, 10 ga Maris
Ban sauya ra'ayi ba.

Laraba, 12 ga Maris
Na buga kalmomin a ƙarƙashin kowane hoto, a kwance. Ladabi ne ga malama guda, ba miƙa wuya ba.

Litinin, 31 ga Maris
Malama ta dawo da ƙawayenta biyar, duka da sanduna. Ɗaya ta rera mini baitina da ka, ta kuma gyara mini gaɓa guda. Gyaran ya yi daidai, abin haushi. Sun sayi littattafan da jikoki za su karanta musu, wani kuma ya aiko saƙo daga garin Sendai yana neman ƙamus.
Yaya tana sharar ƙofa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Na gaya wa masu wanki su jira zuwa lokacin kaka. Kada kanka ya kumbura."
Baitin yau kai tsaye na buga shi. Sai da na zo rufe kanti na lura ban jiƙa tawada ba tun safe. Mantuwa ce kawai.