Kujerar Inna a Layin Mata

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa, ina rubuto miki ne daga shagona a Deira, nan Dubai. Na san ba kya karatun boko, kuma inda kike ba a kai saƙo. Amma tun da aka gama zaɓen nan na 2019 akwai abin da ya tsaya mini a ƙirji, kuma in ba ke ba, ban ga wanda zan gaya wa bai yi mini dariya ba.

Kin san ni. Da takardar sakandare kawai na shigo garin nan, na yi dako a sito, na kwana mu takwas a ɗaki. Yau kwantena ba ta tashi zuwa Kano daga layinmu ba a nemi shawarata ba. Babu ɗan siyasar da ya taɓa ba ni ko hula. Shi ya sa ban taɓa yankar katin zaɓe ba, kuma nakan faɗa da ƙarfi a majalisa. Ke kuwa duk lokacin da na faɗa a gabanki sai ki ce, "Ka ji mai duniya. Mu da muka jira, mu muka san zafin abin."

Sai da na girma na gane jiran da kike nufi. Kin ba ni labarin zamanin mahaifinki, lokacin da maza kaɗai ke zuwa jefa ƙuri'a a Arewa, ku mata kuna cikin gida kuna jin hayaniya ta bayan katanga. Kina cewa, "Ranar ƙidaya a ƙirga mu har da na goye, ranar zaɓe a ce ba ma nan."

Ina tuna zaɓen 1979. Ina ƙarami, ina riƙe da gefen zanenki a filin firamaren unguwarmu. Kin sa kayan sallarki. Da kika fito daga rumfar, kin daɗe kina kallon babban yatsanki, kamar an ba ki aron na wata.

Ina tuna kuma lokacin da aka koma tsayawa a layi bayan hoton ɗan takara, kowa na ganin kowa. Baba ya tsaya bayan wannan hoton, ke kika wuce ta gabansa kika tsaya bayan wancan. Ranar bai ci tuwonki ba. Da soja suka soke zaɓen shugaban ƙasa, ya sami abin tsokanarki, ke kuma kika ce, "Takarda suka soke, Malam, ba su soke tsayuwata ba."

Da gwiwoyinki suka fara ciwo ne kujerar ta shigo. A unguwarmu kowa da abin da yake kama layi da shi tun da sassafe: wata ta ajiye dutse, wata takalmi ƙafa ɗaya, wata tsohuwar buta. Ke 'yar tsugunnonki kike aikawa, wadda garwashi ya ƙona a gefe guda, aka ɗaure tsagewarta da waya. In an ga kujerar nan, an san Inna ce ta farko a layin mata, ko da ke kina gida kina shan kunu.

To, Inna, ga abin da ya faru bayanki.

Kafin zaɓe wani wakilin jam'iyya ya bi gida-gida yana karɓar katunan mutane, wai za a sa su cikin rabon taki. Ƙanena Habu, autanki, ya kwaso na gidan gaba ɗaya ya miƙa, har da naki da ke cikin kwanon samira tun rasuwarki. Aka dawo da na kowa, ban da naki. Da Habu ya matsa, sai aka gaya masa gaskiya a fakaice. Sunanki da hotonki suna nan manne a bangon firamare, ba wanda ya cire. Na'urar tantance masu zaɓe kuma dama takan ƙi karɓar yatsun tsofaffi, a ƙyale su su wuce. Za a kawo wata ta rufe fuska, ta amsa sunanki, ta dangwala wa wanda ba ki zaɓa ba.

Na kira wakilin nan da kaina. Na ɗauka in ya ji wanda ke magana zai shiga taitayinsa. Ya bar ni na gama faɗa, sannan ya yi dariya ya ce Alhajin Dubai ko kati ba shi da shi, kuma daga can ba a jefa ƙuri'a. Na ajiye wayar. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba, ni da nake aika mota cikin kwantena na kasa karɓo ɗan katin uwata.

Ranar zaɓe ina sito a Al Qusais, rana tsaka, ana loda kaya, Larabawa na ta yalla yalla, wato a yi sauri. Can gida kuwa hantsi ne. Sai ga hoto daga Habu, babu rubutu ko ɗaya. Layin mata ne, dogo, ya zagaya bishiyar darbejiya. A gaban layin, kusa da teburin malaman zaɓe, ga kujerarki. Na buɗa hoton da yatsu. Ga ƙunar garwashin, ga wayar.

Habu ya ce tun da aka buɗe ƙofar makarantar aka same ta a nan. Maigadi ya rantse bai ga mai kawowa ba. An tambayi aminiyarki Iya Gambo, ta ce ita ma zuwa ta yi ta tarar, har ta gaishe ki kafin ta tuna. Babu matar da ta taɓa kujerar. Duk wadda layi ya zo kanta sai ta raɓa ta gefe, ta ɗan rusuna, kamar yadda ake wuce babba.

Da rana ta ɗaga aka kawo matar. Ba 'yar unguwa ba ce, ta rufe fuska, katinki na hannunta. Aka shigo da ita ta gaba wai tsohuwa ce ba ta iya tsayuwa. Ta zo daidai kujerar ta tsaya. Habu ya ce babu wanda ya gaya mata ko ta wace ce. Ta daɗe tana kallon wurin, ba ƙasa take kallo ba, sama da kujerar kaɗan, inda fuskar mai zama za ta kasance. Daga nan ta sunkuya ta ɗora katin a kai da hannu biyu, ta juya ta fita da sauri har takalminta ɗaya ya cire ba ta waiwaya ba. Ba a yi zaɓe da sunanki ba, Inna. Katin yana wurin Iya Gambo. Kujerar kuwa, da aka tashi ƙirga ƙuri'u aka duba, babu ita.

Habu yana ganin matan unguwa ne suka shirya, suka ɗauko ta daga ɗakinki da ke kulle. Na bar shi a haka. Bai san cewa kujerar ba ta ɗakinki ba. Da na zo ta'aziyyarki, bayan an riga an binne ki, ita kaɗai na ɗauka cikin kayanki. Na sa ta a kwali ban gaya wa kowa ba, don kada a ce babban mutum kamata yana jigilar tsohon itace. Ni na naɗe kwalin da salatif, ni na ɗora shi saman kabad a gidana na Hor Al Anz.

Ranar zaɓen nan na bar lodi na koma gida da la'asar. Kwalin yana inda yake, salatif ɗin bai motsa ba. Na tsaya a ƙasansa da wuƙar yanka kwali a hannuna. Shekaruna nawa ina wannan sana'a, da ɗagawa ɗaya nake sanin abin da ke cikin kaya. Ban ɗaga ba, Inna. Har yau ban ɗaga ba. In na ji nauyi, ban san wace kujera aka gani a firamare ba. In kuma na ji babu nauyi, ban san yadda zan ci gaba da kwana a ɗakin ba.

Innata, in ke ce kika je, kin isa, ki huta haka. Na gaya wa Habu ya je ofishin zaɓe ya sa a cire sunanki daga bangon, don kada a sake tayar da ke. Ni ma in Allah Ya kai ni gida zan je a ɗauki yatsana, in shiga layin maza tun daga baya.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi. Ranar tsayuwa mai tsawo, Allah Ya sa ki cikin inuwa, Ya sa kina cikin na farko da za a kira zuwa Aljanna. Amin.

Ɗanki na fari, wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba,
daga Deira.